Rasuwar Ƙadangaruwa, Motar Ɗana Talha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da bai saba riƙe biro ba, ni Ummukulthum mai waina ta unguwar Sabo, Ibadan, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar 'yarmu Ƙadangaruwa, jar motar autana Talha. Ta cika ranar Asabar da hantsi a shataletalen Mokola, a gaban jama'a, bayan gajeriyar rashin lafiya da magani mai yawa.

Ina kasuwar Bodija ina tayin shinkafar waina labarin ya same ni. Maƙwabciyata Talatu ce ta kira ni a waya, ta ce in nemi wuri in zauna. Na zauna a kan buhun albasar wani bawan Allah. Ta ce Ƙadangaruwa ce. Na tambaya ko yaron na da rai, ta ce ƙalau yake, ga shi can tsaye a tsakiyar titi 'yan okada na zagin sa. Na yi salati, na bar shinkafar a mudu na kamo hanya.

Marigayiya tokumbo ce, wato ta hannu, ta yi ƙuruciyarta a ƙasar Turawa kafin ta zo mana ta Legas. Motar tsere ce, mai kujera biyu, cikinta dab da ƙasa, shi ya sa yaran layi suka raɗa mata wannan suna. Tana da kunya ƙwarai: ba ta taɓa haye tudun rage gudu ba sai ta karkace ta gaishe shi da cikinta. Ba ta da kwaɗayi, domin a iya zamanta da mu ba ta taɓa ɗaukar buhun komai ba, ko robar ƙulluna ba ta shiga bayanta. Sau ɗaya na shige ta, ranar wani suna a Ojoo, sai da mata biyu suka kama hannuwana suka zaro ni. Ban riƙe ta a zuciya ba. Da safe idan an tashe ta takan ce “wuuum”, kajin layi su watse. Idan ta canza giya a hawan Mokola takan ce “fat, fat”, kamar mai tafi. Duk wanda ya ce bai taɓa juyowa ya kalle ta ba, ya ji tsoron Allah.

Ciwon ya fara ne da ɗan fizga. Tana cikin tafiya sai ta zabura, kamar mai shaƙuwa. Talha ya yi mini bayani cewa kuloci biyu ne a akwatin giyarta, suna aiki kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya, wannan na ɗagawa waccan na saukewa. Ya ce akwai wani abu kamar rariya da ke tace man da suke iyo a ciki, filta ake ce masa, shi ne ya toshe. Na ce a kai ta gareji. Ya ce ba sai an je ba, ya ga wani Bature a bidiyo ya canza tasa a gida, ko rigarsa ba ta ɓaci ba. Ya sayo sabuwar filta a kwali, da man da aka yi domin irinta, tsararo, mai haske kamar man gyaɗa na farkon matsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka fara aikin a ƙofar gidanmu. Aka ɗaga ta a kan jak da bulo. Aka ɗauki babbar robata ta ƙullu ba da izinina ba aka tara tsohon mai. Yaron ya jingina wayarsa a jikin taya, yana kallo yana kwancewa, kuma in faɗi gaskiya aikin na tafiya daidai. Har ya cire tsohuwar filta ya nuna mini, baƙa ƙirin.

To a Sabo ba a buɗe cikin mota a ɓoye. Kafin la'asar mai shayi ya zo, wanzami ya zo, 'yan canji biyu sun bar teburinsu. A nan ne Alhaji Mijinyawa ya iso, aka kawo masa kujera. Ga wanda bai san shi ba, Alhaji tsohon direban tirela ne, ya yi shekaru yana jigilar shanu daga Arewa zuwa Kudu, kuma shi ne mahaifin Lailatu, yarinyar da aka sa wa Talha rana da ita bayan Babbar Sallah.

Alhaji ya ce a miƙo masa sabon man. Ya ɗiga a yatsa, ya murza, ya shinshina, ya dubi jama'a.

“Wannan ai ruwan shayi ne. An cuce ka, yaro. Giya ba ta son ruwa, kauri take so.”

Talha ya durƙusa. Ya fara cewa Baba ita wannan irin tata daban ce, Alhaji ya ce giya giya ce, ya tuƙa wadda ta fi gidan nan tsawo tun uwarsa ba ta san za ta haife shi ba. Uwar ni ce, ina tsaye a zaure ina ji. Alhaji ya aika gidansa aka ɗauko wata tsohuwar jarkar man tirela. Da aka karkata ta sai da aka jira man kafin ya yarda ya fito.

Yaron ya ɗago ya dubi zaure. Ni ma na dube shi. Duk wanda aka haifa a gidan Hausa ya san ba a musu da suruki a gaban mutane, balle surukin da bai riga ya ba da 'yar ba. Ya kifa wayarsa a ƙasa, Baturen na ciki yana ta magana shi kaɗai.

“To, Baba,” in ji shi.

Aka ɗura mata. Da aka zo ɗaure murfin filta, wanda na roba ne, Alhaji ya ce hannun yaran yanzu ba ƙarfi. Ya karɓi sifana ya zura mata bututun ƙarfe, ya danna da ƙafa. Marigayiya ta ce “ƙas”. Alhaji ya ce wannan ƙarar ita ce shaidar ya zauna. Jama'a suka ce Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya.

Washegari ta tashi da ƙyar. Ba ta ce “wuuum” ba, nishi ta yi. Ta lallaɓa har Mokola tana ɗigar da baƙin mai a hanya, fitilun gaban direba suka kama gaba ɗaya, ja da rawaya. Waɗanda suka halarci cikawarta sun ce kalamanta na ƙarshe su ne “gurrr, ƙaƙaƙa”, sannan ta yi shiru. Bakaniken da aka kira, wani Bayarabe mai na'ura, ya leƙa ƙarƙashinta, ya taɓa man, ya riƙe kansa da hannu biyu. Ya ce gyaranta sai dai a sake mata ciki ɗungurum. Ya tambaya wane ne ya yi mata wannan aika-aika. Akwai 'yan Sabo a wurin, kunnuwansu a buɗe.

“Ni ne,” in ji Talha.

Tun daga ranar duk majalisar da ka bi hirar ɗaya ce: ɗan boko ya kashe motarsa da bidiyo. Wanda ya fi kowa iya ba da labarin shi ne Alhaji.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, Talha, wanda ya koma hawa okada da hular kwano ta aro. Ta bar Lailatu, wadda aka yi wa alkawarin a cikinta za a kai ta ɗaki. Yarinyar kirki ce, ta zo ta durƙusa a gabana ta yi kuka, ta ce Iya na san komai, na ce ba ki san komai ba, tashi ki wanke fuskarki. Ta bar tayoyi huɗu masu sauran rai, da makulli mai maɓalli da har yanzu in an danna yake sa ta ƙifta ido. Ta bar man nan na gaskiya a ƙarƙashin gadona, ko rabin kofi ba a taɓa ba. Robata ta ƙullu ita ma ta bi ta, ba ta ƙara wankuwa ba.

Iyalai sun zauna sun amince cewa ajali ne. Muna roƙon masu zuwa gaisuwa kada su tambayi abin da ya kashe ta. Waɗanda suke ƙofar gidanmu ranar Juma'ar nan kuma, mun san sun gani, su ci waina su yi addu'a su tafi. Mota ta riga ta tafi, yarinyar kuwa muna son ta, kuma Sallah ta kusa.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan azahar. Za a ja gawar daga ƙofar gida zuwa wajen masu sayar da kayan gyara a kasuwar Gate, inda za a raba ta ga mabuƙata. Alhaji Mijinyawa ya ɗauki nauyin igiya, kuma ya ce shi da kansa zai nuna inda za a ɗaura ta. Mun gode masa. Maza za su zauna a waje, mata a cikin gida. Biki na nan yadda aka sa shi, amarya za ta zo a tasi.

Ni kuwa kullum da safe idan na fito da tanda, ta gaban bencin Alhaji nake bi, don babu wata hanyar. Nakan durƙusa in gaishe shi. Yakan yi mini ya haƙuri, ya girgiza kai, ya ce da an kira shi da wuri da ba ta mutu ba. Nakan ce haka ne, Alhaji. Sai na sha kwanar masallaci nake ƙarasa sauran maganar, a hankali, da Yarbanci.