Magariba Uku a Yini Ɗaya

Zuwa ga Mai Girma, Mai Juya Agogon Cikin Waya, a duk inda ofishinsa yake,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addini da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda ke taya ka wannan babban aiki, ina neman afuwa da na rubuto ba tare da na san sunanka ba. Na tambaya a gidan waya, aka ce in je wurin masu sayar da waya. Masu sayar da waya suka ce abin daga sama yake zuwa. Shi ya sa na sa wasiƙar a jarida, ko Allah zai sa wani na sama ya gani.

Sunana Mbarka, ina zaune a birnin Meknes. Azumin bara an yi mini tiyata, na sha kwana ashirin da ɗaya, kuma likita bai sake ni in rama ba sai cikin Sha'aban. Na lissafa kwanakina ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya faɗo ranar Lahadi, ashirin da tara ga wata. Babu rarar yini ko ɗaya. In na wannan Lahadi ya lalace, zan shiga sabon Ramadan da ramuwar tsoho a wuyana, abin da ban taɓa yi ba tun ina 'yar shekara goma sha huɗu.

Sai aka yi dace maigidana, Si Jilali, ya riga ya shirya mana kwana biyu a tanti cikin yashin Merzuga, mu da ƙanwata Zhor. Kuma wannan Lahadin ce ka zaɓa, kamar yadda ka saba kafin kowane azumi, ka mayar da agogon ƙasa baya da awa ɗaya. Ban ce ka yi laifi ba. Koke ne kawai nake da shi, kuma zan jero shi a hankali.

Na ɗaya. Me ya sa kake shiga wata wayar, ka tsallake wata? Tawa tsohuwa ce, na sani, amma ta yi shekara shida tana yi mini hidima ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Da ka wuce ba ka taɓa ta ba, ai da sai ka bar wata alama. Ko mai kawo madara in bai zo ba, ana ganewa.

Na biyu, kuma wannan ina roƙon ka karanta shi da tausayi. Si Jilali ya yi shekara talatin da huɗu yana aikin jirgin ƙasa kafin ya yi ritaya. Mutum ne da bai yarda wani ya taɓa masa agogo ba. Ranar Asabar da yamma ya sa tabarau, ya mayar da wayarsa baya da hannunsa, ya ce shi ba ya jiran kowa. Kai kuma, ranka ya daɗe, da ka zo ka tarar an riga an yi maka aikinka, maimakon ka gode ka wuce, sai ka ƙara mayar da ita baya. Wa ke zuba gishiri a miya bai ɗanɗana ba?

Na uku. Wayar Zhor sabuwa ce, kuma ita kaɗai ka yi wa daidai, amma ban san haka ba sai daga baya. Matsalarta, in an hau da ita kan tudun yashi sai ta kama sabis na Aljeriya, inda ba a juya agogo, ta yi tsalle gaba da awa ɗaya. In an sauko ta dawo. Da la'asar tawa tana cewa biyar, ta Si Jilali uku, ta Zhor huɗu a gindin tudu, biyar a kansa. Zhor ta hau tudun nan sau uku da ciwon gwiwarta, duk saukowa da sabon labari. Si Jilali kuwa ya yanke hukunci cewa tawa ce ta juya gaba maimakon baya, wai don 'yar araha ce, ta Zhor kuma ba ta da tarbiyya.

Na huɗu ba laifinka ba ne, amma dole in faɗa don a fahimci halin da na shiga. Za ka ce mace tana tsakiyar hamada, me ya hana ta duba rana? Wallahi da niyyar haka na tafi. Amma tun azahar hadari ya rufe sama ruf, baƙi ƙirin, babu ruwa babu rana. Hmad, mai raƙuman da ya kai mu, ya ce rabonsa da ganin irinsa tun haihuwar 'yarsa ta biyu. Abin da ya rage mini shi ne takardar da ladanin ƙauyen Merzuga ya rubuta mini ranar Asabar: magaribar Lahadi, shida da minti ashirin, a agogon da aka juya. To wane ne aka juya?

Na tambayi Hmad ko yana da waya. Yana da ita, don tocila. Tun da ya saye ta take nuna sha biyun rana, ɗaya ga Janairu, kuma ya ce ba ta taɓa damunsa ba.

Na biyar. Da tawa ta nuna shida da ashirin, gari ya yi duhu-duhu saboda hadarin, ga ƙamshin miyar harira na tashi daga tukunya, ga maƙogwarona kamar an shimfiɗa masa bargo. Na ɗauki dabino, na yi bismillah, ya kai kusa da leɓena har na ji danƙonsa a iska. Sai Zhor ta damƙe mini wuyan hannu. Ta ce, “Yaya, in kika haɗiye wannan, ki kuka da kanki, ni dai gwiwata ta gama nata.” Dabinon ya faɗi cikin yashi, wani raƙumi ya miƙo wuya ya ɗauke. Shi dai ba ya bin agogon kowa.

Bayan awa ɗaya ta Zhor ta kai shida da ashirin, a gindin tudu. Hmad ya dubi gabas, ya dubi raƙumansa, ya yi taimama. Ya ce mini in sha ruwa, rana ta faɗi. Na tambaye shi ko ya gan ta da idonsa. Ya ce a'a, amma shekara arba'in tana faɗuwa a gabansa, ya san tafiyarta. Zuciyata ta so ta yarda. Sai Si Jilali ya ɗaga wayarsa sama kamar mai tsayar da jirgi, ya ce mini, “Lalla Mbarka, saura awa guda cur. Ni da na tafiyar da jirgin birnin Fas, mai raƙumi ne zai koya mini lokaci?” Hmad ya ce shi dai raƙumansa ba su taɓa makara awa biyu a tashar Sidi Kasem ba. Zhor ta yi dariya har ta zauna.

Ranka ya daɗe, sa kanka a matsayina. A makarantar allo an koya mana cewa ba a buɗe baki a kan shakka. An kuma koya mana a gaggauta buɗe baki, kuma lokacin magariba gajere ne. Malamarmu, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa faɗa mana abin da za a yi in rana ta faɗi sau uku ba. Na ajiye dabino na biyu, na zauna. Aka sake ɗumama harirar har ta kama gindin tukunya. Zhor ta ci nata burodin a bayan tanti don kunya, amma ina jin ƙarar taunawa. Da wayar maigida ta yarda rana ta faɗi, ba na ko ganin hannuna. Na lalubi dabinon, na sha ruwa, na yi magariba isha na tsaye tana jira.

Washegari aka tashi da azumi, an ga wata a wani gari. Ka ga da hannun Zhor bai yi sauri ba, da yanzu wata wasiƙar nake rubuta maka, kuma ban tabbata zan iya yi mata wannan ladabin ba.

Na shida. Da muka koma Meknes, Si Jilali bai ko sauke kaya ba ya wuce tashar jirgi don ya kunyata mu. Zhor ta bi shi. Ta ce ya tsaya ƙarƙashin babban agogon tashar ya daɗe, yana duba shi yana duba wayarsa. Daga ƙarshe ya ce tun da ya bar aiki komai ya lalace. Wayar kuwa ya gyara ta a ɓoye, ya ce wai ya bi jama'a ne don zaman lafiya.

Na kai maganar azumina wurin limamin unguwarmu. Ya saurara har ƙarshe, ya fita waje na ɗan lokaci, ya dawo yana share ido. Ya ce azumina ya yi, har da ƙari, jinkirin sallar kuma Allah ya ga uzurina. Alhamdu lillahi, na fita da ramuwata.

Saura abu ɗaya. Si Jilali yana faɗa wa duk baƙon da ya zo shan ruwa cewa matarsa, da ba ta wasa da addini, agogonsa ta bi a hamada. Gaskiya ne na bi, kuma ba na iya gyara masa a gaban mutane. Jiya maƙwabciyarmu ta ce za ta riƙa aiko da wayarta ya saita mata. Don haka nake roƙo, in ba zai takura maka ba, ka aiko masa da takarda mai hatimi, ka bayyana ƙarfe nawa ne a Merzuga lokacin da na ci dabinon nan. Ka rubuta da laushi, yana da hawan jini. In da hali ka ɗauki rabin laifin, don rabin naka ne. Ban ce ka ɗauka duka ba, ba zan sa ka ƙarya cikin watan azumi ba.

Allah ya ƙara maka girma, ya sa ka gama da agogunan mutane lafiya.

Taka mai biyayya a kowace awa ka ga dama,

Lalla Mbarka el-Filali
Meknes