Ranar da Na Kama Ɗan Damfara a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da sunan da aka yi a Bakura ba, duk da cewa ragon da aka yanka ko tsoka ɗaya ban iya haɗiya ba.

Lokacin na shiga wani zauren gwanjo a intanet, inda ake baje tsofaffin kuɗi, su sisi da sule da kwabo mai huji, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Nan na sayi dalar azurfa ɗaya, irin wadda matan Fulani ke kitsawa a gashi, tana ƙyalli har da takardar shaida. Na kalli bidiyo uku kan gane jabu, shi ke nan na zama gwani. Na ma raɗa wa kaina suna Mai Idon Mikiya a zauren (ni da ko allon ajin da nake koyarwa a Talata Mafara ba na gani sai da tabarau).

Wata rana wani daga Maradun ya saka daloli shida. Duk sun dushe, zanensu ya goge. Na ɗora tawa kusa da hoton, na ga ba su yi kama ba. Nan take na rubuta: "Jama'a hattara, wannan dalma ce aka narka!" Na kai ƙara wurin masu kula da zauren, na haɗa da dogon bayani. Kafin la'asar an dakatar da gwanjon, an rufe shafin mutumin. Ranar har tafiyata ta canza.

Bayan sati biyu yayar matata ta haihu, muka tafi Bakura. Ana zaune ƙarƙashin rumfa, dattawa da surukai, ba wanda ya tambaye ni, na jawo labarin. Na ciro dalata daga aljihu (e, da ita nake yawo), na ce ni na tona asirin ɓarawon Maradun.

Wani mutum da ke gefena ya aje kofin kununsa a hankali. Sahabi ne, ɗan Gwaggo Ige, ƙanwar surukina.

"Malam," ya ce, "ashe kai ne Mai Idon Mikiya?"

Na ce ni ne, har da murmushi.

"To ni ne ɓarawon. Dalolin na Inna ne, gadon uwarta. Aikin ido za a yi mata, shi ya sa na saka su."

Mai hankali da nan zai ba da haƙuri. Ni kuwa sai na ce, "Ai gado ma ana iya cin jabu."

Ban san wanda ya kai magana cikin gida ba. Sai ga Gwaggo Ige da sandarta, ta kwance bakin zane, ta zube dalolin a kan tabarma. Ko inda nake ba ta kalla ba. Ta ce wa wani tsohon maƙerin farfaru, mai aikin azurfa, da ya zo sunan, "Baba Ummaru, duba mini abin ga, an ce uwata dalma ta bar mini."

Baba Ummaru ya ɗauki ɗaya ya sake ta a kan siminti. Ta yi wata ƙara mai zaƙi, ta daɗe tana amo. Haka duk shidan. Ya ce, "Wagga azurfa ta. Malam, kawo taka mu ji."

Na miƙa masa. Ya sake ta. Ta ce ƙwaf, kamar murfin kwalbar lemo. Sahabi ya kawo jakar wayarsa mai maganaɗisu a baki, ya kara. Dalata ta yi tsalle ta manne, sai ka ce ta ga ɗan'uwanta. (Bidiyon farko da na kalla ya faɗi wannan gwajin. Ban taɓa yi wa tawa ba, ai tana da takarda.)

Surukina ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Wani dattijo dariya ta sa kunu ya sarƙe shi. Gwaggo ta ɗaure kayanta, sannan ta juyo.

"Ɗana, ni dai an ce yanar ido gare ni. Kai mi ag gare ka?"

A wurin, kowa na kallo, na rubuta wa masu zauren cewa ni na yi kuskure, Sahabi yana gyara mini kalmomi. Bayan kwana uku aka buɗe shafinsa, dalolin suka yi kuɗi, aka yi wa Gwaggo aiki lafiya. Na kai ƙarar wanda ya sayar mini da tawa, aka ce ai tuni aka kore shi, wani ne ya gano shi, wanda ya san abin da yake yi.

Yanzu in na ga abin da nake zargi, nakan nemi maƙeri kafin in nemi masu zaure. In kuma bakina ya yi ƙaiƙayin fahariya a gidan surukai, sai na fara tambayar kowa garinsu.