Gidan Bindigar Saje Ila

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bindiga ta tona mini asiri a Ɓaɓura, ba tare da ta fitar da harsashi ba.

Ni baduku ne. Lokacin ina da rumfa a bakin kasuwa, gashina bai yi fari ba, bakina kuwa ya fi basillata kaifi. Na taɓa ɗinka wa wani Insifeto gidan fistol ɗinsa, 'yar Italiya, ya yi kyau har ana zuwa kallo. Daga nan na zama masanin bindiga a majalisarmu. (Abin da ban faɗa wa kowa ba: shi ya zana mini ita a kwali, ina can nesa ina wai neman zare. Tsoronta nake kamar maciji.)

Sai abokina Saje Ila, Allah ya ji ƙansa, ya kawo tasa, 'yar Birazil. Ya ajiye a kan ƙirgin fatar da nake aiki da shi ya ce, "Sarkin dukawa, auna ta."

Na leƙa daga inda nake zaune. Baƙa ce, tsawon ɗaya, hancin ɗaya. Na ce, "Ai ƙanwar ta Insifeto ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗauke abarka, idona ya gama aiki."

"Makullin wannan a ƙasa yake, na waccan a sama. Kuma ta fi kauri ta nan."

"Ila, dukanci za ka koya mini?"

Na fito da tsohon kwalina na yanka fata. Da ya zo karɓa, fatar da sauran danshi, ya tura bindiga ta shige da ƙyar. Na ce haka sabon takalmi yake yi. Ya wuni da ita a rana, fata ta bushe ta ƙanƙame.

La'asar sakaliya sai ga babur, wai ana nemana a caji ofis. Na tarar da Ila yana zufa. Lokacin mayar da bindiga ma'ajiya ya yi, ta ƙi fita, ogansa kuma ya ce in ba ta koma ba takardar tuhuma zai sha. Ila ya ce, "Kai ka ɗinka, kai za ka farke."

Aka miƙo mini ita a hannu. Jama'a, na riƙe ta da yatsa biyu, na juya kaina gefe, ina salati da ƙarfi, ina laluben ɗinkin da wuƙa. Ila ya ce, "Babu harsashi ciki fa, tun ɗazu aka cire." Ban saurare shi ba. Ɗinki na farkewa ta zame ta faɗo kan cinyata, sai ga masanin bindiga a ƙarƙashin benci.

Har mutanen da ke tsare a sel sun yi dariya.

Ila ya tsira da aikinsa. Har ya bar duniya, in ya hango ni sai ya ce, "Ina ƙanwar ta Insifeto?" Yau da zan sake jin wannan tsiyar daga bakinsa, da na so.

Tun ranar, ko kuben wuƙar yankan albasa aka kawo mini, sai na auna.