Yadda Za Ka Toshe Tankin Motar Matarka Ba Tare Da Ta Sani Ba

Idan dutse ya huda maka tankin mai a tsakiyar daji, kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun gwani. Ban taɓa mallakar mota ba, lasisi ma ban san kalarsa ba, amma na tsufa a kujerar mai zaman banza ina ba direbobin Tamanrasat shawara. Hanyar nan tabbatacciya ce, an gwada ta a kan maƙwabcina Akamuk, a gaban idona.

Motar ta matarsa ce, Takna, raƙumanta ta sayar ta saye ta. Gidan ma nata ne, kuma ka san yadda abin yake a wurinmu: in rai ya ɓaci, namiji ne ke naɗe bargonsa ya koma gidan uwarsa. Da za mu tafi gaisuwa Tazruk, sharaɗi ɗaya ta kafa masa: kada a bi mata da mota ta kwarin duwatsu. Ta nan muka biyo a dawowa, don ni na ce ya fi kusa.

1. Ka musanta

Za ka ji "ƙwas!" a ƙarƙashinka, sannan warin fetur ya cika motar. Kada ka tsaya. Ka ce warin jarka ne. Haka Akamuk ya ce, ni kuma na gaskata shi, ko da yake ba mu ɗauko jarka ba. Namiji ba ya yarda da matsala sai allurar mai ta fara sunkuyar da kai.

2. Shiga ƙarƙashi

Ka kwanta rigingine, ka ja jiki, amma kada ka sassauta rawaninka, mutunci na gaba da numfashi. Ramin da Akamuk ya gani bai kai ƙwayar wake ba, fetur na tsiyaya siriri kamar fitsarin ɗan akuya. Tara kwanon kwaɓa gurasa. Gurasar wata guda za ta yi ɗanɗanon gidan mai, amma wannan matsalar gobe ce.

Akamuk ya ce daga ƙasa, "Na shiga uku. Raƙumi guda ke zuba a yashi."

Na ce, "Haba, bai wuce kunnen raƙumi ba."

3. Goga sabulu

Fetur ba ya cin sabulu, wannan gaskiya ce, kuma ita kaɗai ce gaskiyar da na sani game da mota. Goga shi a ramin har ya cushe. Namu ɗan guntu ne da ya sha wanka ya rame kamar harshen kyanwa. Ya riƙe tsaf, har zuwa gargada ta farko.

4. Kada ka ƙi shayi

Ba a wuce motar da ta tsaya a daji. Tsoho Agali, mai fataucin gishiri, ya taka birki, kuma kafin ya tambayi abin da ya faru har ya hura wuta. Ka roƙe shi ya matsa da garwashinsa nesa, amma ka zauna. Ba a tashi sai an sha kofi na uku, ko da yashi zai gama shanye rabin tankinka kafin nan.

Agali ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ce, "Ashe ta Takna ce. Allah ya jiƙan raƙuma."

Akamuk ya ce, "Baba, don girman Allah, maganar nan ta tsaya nan."

"Ni da wa zan faɗa wa, ɗana? Matata kaɗai." Ya kurɓa, ya lumshe ido. "Kuna da dabino?"

5. Tauna dabino

Ka tauna, kada ka haɗiye. Nan ne masu raunin imani ke faɗuwa, ni ma sau da yawa na faɗi. Haɗa abin da ka tauna da ragowar sabulu da zaren da ka tsinko daga gefen rawani, ka cuɗa, ka manna, ka danne da babban yatsa kana salati. Sannan ka watsa ƙura a kai, ya saje da sauran dauɗar motar. Wallahi ya riƙe. Ko ɗigo bai ƙara zuba ba har muka shigo gari, Akamuk na waƙa, yana cewa gobe da sassafe zai kai wa mai walda a ɓoye.

6. Shiga gida da fuskar mai gaskiya

Takna ta zagaya motar, ta duba taya, ta duba gilashi.

"Ta ina kuka biyo, direba?"

"Ta babbar hanya mana."

"Madalla. Sannunku da hanya."

Ya zauna a tabarma, ya miƙe ƙafa, ya ƙifta min ido. Sai ga awakinta sun dawo daga kiwo. Farar ta ɗaga hanci, ta nufi ƙarƙashin motar, sauran suka bi ta suna ture juna. Muna jin tanɗar baki. Akamuk ya tashi zai kora, Takna ta ce, "Bar su. Tun da na saye su ban taɓa ganin sun yi kanikanci ba."

Ɗis. Ɗis. Ɗis.

Ta ɗauko kwano da kanta ta tara, ta miƙa masa hannu, ya saka mata mukulli a ciki.

Ta ce, "Ka gaida min Inna."

Gargaɗi

Marubuci ba shi da alhakin komai. Fanninsa toshe tanki ne, kuma tanki ya toshu. Awaki wani ilimi ne daban. Duk wanda zai bi matakan nan ya fara neman masauki tun kafin ya tauna dabinon farko, domin uwar Akamuk ta goyi bayan surukarta, shi yanzu a ɗakina yake kwana, ɗakin kuma ba ya ɗaukar mutum uku.