Ranar da na gyara wa teku hanya

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida kawun Hadiza, yarinyar da nake nema, a shekarun farin nan da Damagaram ta bushe ƙayau. Lokacin ina aiki a buron ruwa, ofishin raba ruwan gari (wato ina cikin waɗanda mata ke tsine wa a layin pompo), kuma na ɗauki kaina masani.

Kawun, Alhaji Mamman, ɗan kasuwa ne mai zirga-zirgar Jidda. Aka kai ni falonsa a unguwar Kara-Kara, aka ce in jira ya idar da la'asar. Ina ɗaga kai sai na ga teku. Wallahi teku, cikin akwatin gilashi! Kifaye shuɗɗa da masu ruwan ɗorawa suna yawo tsakanin duwatsu, a kan duwatsun kuma wasu abubuwa kamar furanni suna rausaya, su yi gabas, su dawo yamma, kamar gero a damina mai albarka. Daga baya na ji sunansu murjani, kuma suna da rai. Ni da na san murjani a wuyan mata kawai! Na tsaya baki buɗe ina ta subhanallahi.

Sai na lura da ɗan injin da ke tura ruwan. Bakinsa a karkace yake, yana kallon gilashi. Na ce a raina, yau surukai za su san ba ƙaramin mutum suka samu ba. Na naɗe hannun babbar riga (ta aro ce), na tsoma hannu, na juya bakin ya fuskanci murjanin sosai.

Nan take yashi ya turnuƙe, ruwan ya koma kamar kunu. Furannin duk suka tsuke. Na ruɗe, na murɗa shi sama, sai ya fesa min ruwan gishiri a fuska har cikin baki. A haka Alhaji ya shigo da dattawa biyu: hulata tana iyo, ni ina tofar da miyau.

Bai yi faɗa ba. Ya tsamo hular, ya mayar da injin yadda yake, ya ce, "Ɗana, da gangan na karkata shi. Ruwan ya daki gilashi ya dawo a hankali, ya zagaya ko'ina. In ya tsaya cak furannin nan su mutu, in ya dake su kai tsaye su mutu. A ina ma aka ce kana aiki?"

Na durƙusa, murya can ƙasa na ce, "Buron ruwa, Baba."

Wani dattijo ya ce, "Shi ya sa."

Murjanin ya sake buɗewa bayan kwanaki, aka kuma ba ni Hadiza, amma har yau danginta Injiniya suke kirana. Tun daga ranar, in na ga abu a karkace a gidan mutane, sai in karkata kaina in kalle shi daidai.