Daƙiƙa Uku da Suka Tona Min Asiri

Har in mutu ba zan manta da yadda na tsaya gaban Oga da baƙinsa ina cika baki ba. "Ku dai zuba ido," na ce, na danna.

Kamfaninmu ƙarami ne, gilashin fitilun titi muke zanawa. Kafin a ƙera, manhaja ce ke harba silin haske miliyan goma ta cikin zanen, ta bi kowanne ta ga inda zai sauka a kwalta. Tsohuwar kwamfutarmu awa guda take ci. Ni na addabi Oga ya sayo mai ƙwaƙwalwa goma sha shida, kowace ta ɗauki kasonta su yi tare. Bayan an kawo ta, sai masu wani rukunin gidaje a Kubwa suka zo ganin aikinmu kafin su yanke wanda za su ba kwangila.

Daƙiƙa uku, an gama, hoton titin ya fito a allon kwamfuta.

Uku fa! Ni kaina na tsorata, amma na dake (wa ke ƙin yabo?). Oga har da dafa kafaɗata.

Sai injiniyar baƙin, Madam Rifkatu, ta matso da kujera. "Ƙanena, me ya sa titinka ya yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa wa kaji gero? Sili nawa ka harba?"

"Miliyan goma, Ma."

"Buɗe mu gani."

Dubu ɗaya. Ashe da nake gwaji na rage, ban mayar ba. Ban gama haɗiye wannan ba ta ɗora yatsa a akwatin ƙasa, inda ake zaɓar yawan ƙwaƙwalwar da za su yi aiki. Ɗaya.

"Sauran sha biyar ɗin yajin aiki suke?"

Oga ya janye hannunsa a hankali.

Na gyara, na sake dannawa, gumi na bin bayana duk da sanyin iya-kwandishan. Minti bakwai cur ta ɗauka. Ko ninki goma sha shida da na yi ta alkawari bai kai ba. Madam ta ce haka abin yake, wani ɓangaren aikin ba ya rabuwa: fasinjoji komai yawansu, ƙofar bas ɗaya ce.

Hoton ya fito sumul, kwangilar ta zo, amma da sharaɗi: ita za ta riƙa duba akwatunan nan kafin in danna.

Yanzu in sakamako ya cika daɗi, shi nake fara tuhuma. Ku fa, tafi kuke fara karɓa ko komawa kuke ku duba?