Cikin Tulun Tabawa

A wani daji da tafki ke ƙafewa tun kafin bazara, gurbin yumɓu guda ɗaya ne ke saura da laima, kuma majalisar dabbobi ce ke yanke mai ɗiba. Wanda aka naɗa Sarkin Magina shi ke da yumɓun, sauran sai su jira damina.

Ƙadangare Ɗanliti shi ne mai duba wa majalisa aiki. Shekara tara yana gyaɗa kai a gaban gine-ginen jama'a, har ya manta yadda ake mamaki. Ran nan ya hau tsamiya wurin zanzaro Tabawa, ya tarar da ɗan tulu bai fi ƙwallon kanya ba, bayansa duk kaushi. Ya leƙa ta baki don dai a ce ya leƙa. Cikin sumul yake, yumɓu ja da fari da baƙi an jera su zobe-zobe, haske na kewayawa a kansu. Kan Ɗanliti ya tsaya cak. Ƙwalla ta zo masa, shi da ko a mutuwar uwarsa bai yi kuka ba.

Ya ce, "Baiwar Allah, wa zai ga wannan?"

Ta ce, "Ɗana, in ya buɗe ido." Ta toshe bakin tulun.

A majalisa Ɗanliti ya yi ta rantsuwa kan kyan cikin tulun har muryarsa ta dushe. Bushiya, shugabar zama, ta ce, "Ba mu ƙaryata ka ba. Amma abin da majalisa ba ta gani ba, babu shi. Tabawa, fasa tulun mu gani, yumɓu ya zama naki."

Tabawa ta ce, "Ranki ya daɗe, akwai ƙwai a ciki. Wallahi ina son yumɓun nan, in babu shi sai na bar dajin. Amma ba zan fasa ba."

Aka naɗa Burgu, wanda ƙofar raminsa ta sha ado. Tabawa ta tashi ta yi gabas, Ɗanliti ya bi ta da ido, zuciyarsa na zafi.

Bayan sati uku ɗan zanzaron ya huda tulun ya fice, ɓaraguzan suka zubo ƙasa. Majalisa ta ga zoben nan da idonta. Nan take aka tuɓe Burgu, aka naɗa Tabawa, aka sassaƙa mata kujera. Har yau ana share kujerar kowace safiya, mai ita ba ta dawo ba.